Yaya Sada da Ɗaliban Asabar

Damina goma sha ɗaya ke nan tun da aka fita da Yaya Sada daga gidanmu na 'Yankara aka kai shi makwancinsa. Duk shekara idan masara ta fara bushewa a jikin kara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, duk shekara kuma sai in ajiye alƙalamin. Dalili shi ne, ɓangaren rayuwarsa da na fi alfahari da shi, shi ne wanda wasu daga cikin dangi suka fi son a binne tare da shi. Bana dai na ce in ba ni ba, wa? Baba ya bi bayansa, Inna ta tsufa, ni autar gidan ma furfura ta fara leƙo mini.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya Sada shi ne babban wanmu, malamin ilimin ƙasar noma a wata jami'a ta nan Arewa. Ɗan manomi ne, bai kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Idan ka kawo masa ƙasa a leda, zai murza ta tsakanin yatsu, ya shinshina, ya ce wannan ta fadamar Ruwan Godiya ce, ko kuwa ta jigawar Pauwa. Sau da yawa kuma yana dacewa. A gidansa na cikin jami'a na zauna duk tsawon karatuna, a hannun matarsa Anti Hadiza. Don haka abin da zan faɗa ba labarin ji ba ne, ganau ce ni.

Mutane da yawa a nan yankinmu ba su san akwai Yahudawa 'yan ƙasar nan ba. Ni ma ban sani ba sai ranar da wani dogon saurayi ya yi sallama a ƙofarmu da yamma, da wata 'yar hula kamar marfin tulu manne a tsakiyar kansa. Obinna sunansa, ɗan ƙabilar Ibo, yana karatun haɗa magunguna. A Funtuwa aka haife shi, Hausarsa kuwa ta fi tawa Katsinanci. Ya durƙusa ya gaida Yaya, sannan ya faɗi abin da ke tafe da shi. Su ɗalibai ne da ba su kai ashirin ba, masu bin addinin Yahudanci. Dokar jami'a ita ce ba ƙungiyar ɗalibai da za ta yi taro, ta addini ce ko ta gari, sai da malamin da ya tsaya mata, wanda ake kira uban ƙungiya. In ƙungiya ta yi laifi, shi za a tuhuma. Su kuwa ba su da malami ko ɗaya mai addininsu. A gindin mangwaro suke ibada, masu gadi suna korarsu kamar awaki.

"Malam, mun zagaya," in ji Obinna. "Malamai Kirista sun ce mu ɓatattun tumakinsu ne, mu dawo coci. Malamai Musulmi kuma da sun ji sunanmu sai su tuna suna da aji."

Yaya ya ce, "To ni mi ya kawo ka wurina?"

"Babana ne ya turo ni. Shi ke kai kayan injin niƙa kasuwar 'Yankara, ya san mahaifinka. Ya ce in dai ɗa ya gaji uba, ba za ka sallame mu a tsaye ba."

Yaya bai amsa ba, bai kuma ƙi ba. Ya ce a ba shi lokaci. Ƙarshen mako ya ɗauke ni muka tafi gida, ya sami Baba yana gyaran jinkar rumbu, ya zauna a ƙasa ya kwashe komai ya gaya masa. Baba bai yi boko ba, karatunsa na allo ne da littattafan zaure. Ya ci gaba da ɗaure ciyawarsa, can ya ce, "Za su sa ka bar salla?" Yaya ya ce a'a. "Kai za ka iya sa su bar tasu?" Ya ce a'a. Baba ya ce, "To inuwa ɗiyan mutane ke nema. Ka taɓa ganin tsamiya ta tambayi wanda ya zauna gindinta? Amma ka sani, in ka ɗauka, amana ce. Ba a aje ta don rana ta yi zafi."

Haka Yaya Sada, wanda ba ya rasa sahun farko a masallaci, ya zama uban ƙungiyar ɗaliban Yahudawa. Akwai wani ɗakin ajiya a bayan gidansa inda yake tara buhunan ƙasa. Ya kwashe su, yaran suka share, suka shafa farar ƙasa, suka shimfiɗa tabarmi.

In na ce Yaya ne ya riƙe ƙungiyar nan shi kaɗai na yi ƙarya, shi ma da yana raye ba zai yarda ba. Kullum yakan ce shi katanga ne kawai, masu gidan suna ciki. Obinna ne shugaba, shi ke jan addu'a, shi ke koya wa na ƙasa da shi Ibrananci, harshen littafinsu, daga abin da ya koya wurin mahaifinsa. Duk farkon shekara sai ya bi layin sababbin ɗalibai yana neman nasa, don kada wani ya shigo ya zaci shi kaɗai ne. In biyu sun saɓa shi ke sulhu, in wani ya kwanta asibiti shi ke raba wa sauran kwanan jinya. Abinci kuwa yana hannun wata 'yar gajeriya mai kaifin baki, Nkechi, ɗalibar lissafi, wadda daga baya ta zama aminiyata. Ranar da muka fara haɗuwa mun kusa ɓatawa, domin na kai mata farfesun tarwaɗa ta ce ba ta ci. Sai da ta zaunar da ni ta yi mini bayani: kifin da ba shi da ɓawo haramun ne a wurinsu, nama da nono ba sa haɗa tukunya, alade kuwa yadda muke gudunsa haka suke gudunsa. Na ce ashe akwai waɗanda suka fi mu ƙa'ida. Lokacin babban idinsu, da ba sa cin gurasa mai yisti, a kaskon Anti Hadiza muke toya musu wadda ba ta kumburi, mu uku muna ta gumi muna dariya.

Asabar ita ce ranarsu. Tana kamawa daga faɗuwar ranar Juma'a, ta ƙare da faɗuwar ranar Asabar. A tsakanin nan ba sa hura wuta, ba sa rubutu, ba sa hawa mota. Hoton da ya fi zama mini a rai shi ne na yammacin Juma'a: Nkechi tana kunna kyandir a ɗakin baya kafin rana ta faɗi, Yaya kuma yana alwala a tsakar gida zai tafi magariba. Bai taɓa shiga ɗakin nan suna ibada ba. Yakan ce nasu nasu ne, nawa nawa ne. Amma in suna ciki yana kan benci a waje da takardun ɗalibai yana dubawa, don duk wanda zai zo ya same shi tukuna.

Babbar wahalarsu ita ce jarrabawar da ta faɗo ranar Asabar. Kafin Yaya, zaɓi biyu gare su, ko su karya addininsu ko su faɗi. Wasu sun maimaita shekara saboda haka. Obinna ke tattaro masu matsalar, Yaya ya sa babbar riga ya bi ofis ofis. Wani shugaban sashe ya taɓa ce masa jami'a ba ta bin kalandar kowa. Yaya ya yi murmushi ya ce, "Ranka ya daɗe, a nuna mini jarrabawar da aka sa lokacin sallar Juma'a, ko da safiyar Lahadi." Daga ƙarshe aka cimma matsaya: duk ɗalibin da abin ya shafa zai wuni a gidanmu a kan idon Yaya, ba ya ganin kowa, ba wanda ke ganinsa, sai rana ta faɗi ya rubuta tasa, Yaya na tsaye a kansa. Shekara da shekaru, duk lokacin jarrabawa, Yaya ba shi da Asabar. Ba biki, ba zuwa gona, ba zuwa gida.

Bakin mutane kuwa bai bar shi ba. Suka sa masa Limamin Yahudawa. Aka zare sunansa daga kwamitin masallaci ba tare da an gaya masa dalili ba. Akwai abokinsa na ƙuruciya da ya daina cin abincin gidanmu. Maganar ta kai har kasuwar 'Yankara, wani ya tare Baba da ita a rumfar masu taki. Na san abin ya yi wa Yaya ciwo, don na ga yadda yakan dawo daga masallaci ya zauna har shayinsa ya huce a gabansa. Amma bai taɓa rama wa kowa ba. Abin da yakan ce kawai shi ne, Manzon Allah ya zauna gari ɗaya da Yahudawa, ya yi ciniki da su, shi Sada wane ne da zai fi shi kishin addini?

An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ranar gwajin ta zo a wata shekara da yaƙi ya sake ɓarkewa a ƙasar Falasɗinu. Kullum talabijin na nuna gawarwakin yara, na ga Yaya da idona yana share hawaye da hularsa. Da ɗalibai suka shirya zanga-zanga bayan sallar Juma'a, yana sahun gaba. An yi lafiya, an yi jawabai, an fara watsewa. Sai wani ya ɗaga murya ya ce ai akwai Yahudawa nan cikinmu, a gidan Malam Sada suke taruwa. Yaya ya ji. Ya yanke ta bayan gonar gwaji ya riga su isowa gida.

Yaran sun riga sun taru a ɗakin baya suna shirin shigar Asabar. Ni da Anti Hadiza muna tagar kicin muka hango taron tafe, wasu da sanduna, wasu da duwatsu. Yaya ya ja ƙofar ɗakin ya rufe, ya tsaya a gabanta. Na zaci jawabi zai yi. Sai kawai ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce, "La'asar ta yi. Wa zai yi mana iƙama?"

Ƙofar ɗakin yamma take kallo, don haka duk wanda ya fuskance ta gabas ya fuskanta. Yaya ya cire rigarsa ta sama ya shimfiɗa a bakin ƙofar, ya juya wa masu sanduna baya, ya daidaita tsayuwa. Can sai muka ji wata murya ta fara iƙama. Wani ɗalibinsa ne ɗan garin Sabuwa, wanda ɗazu yana cikin masu ihu. Anti Hadiza, Allah ya saka mata, ta fizgi butoci ta cika ta riƙa miƙawa waje. Ba a alwala da sanda a hannu. Ɗaya bayan ɗaya suka zubar, suka yi sahu. Wasu dai sun tsaya gefe suna huci, amma ba wanda ya iya ratsa gaban masu salla.

Da ya sallame ya juyo yana zaune, ya ce, "Ni ma zuciyata tafasa take, kun gan ni ɗazu. Amma waɗanda ke cikin ɗakin nan ajinku ɗaya, layin abincinku ɗaya. Ba wanda ya taɓa harba ko gwafa a cikinsu. Laifin wani ba ya hawa kan wani. Amana ce a hannuna, wanda ke son shiga sai ya fara da ni, ga ni zaune." Ba wanda ya motsa. Suka fara sulalewa, aka bar mana tsakar gida cike da sanduna. Anti Hadiza ta daɗe tana girki da su.

Bayan haka aka rufe jami'a na ɗan lokaci. Masu gida kusa suka tafi, waɗanda iyayensu ke Kudu kuma hanya ba ta biyuwa. Yaya ya ɗebe su ya kai 'Yankara, Obinna ya ce ba zai bar mutanensa ba, ya biyo su. Lokacin girbin masara ne. Baba ya share musu shago, matan suka shiga ɗakin Inna. Inna ta aika kasuwa aka sayo sabuwar tukunya da sabon ludayi, ta miƙa wa Nkechi ta ce, "Ungo ɗiyata, dafa yadda kuka saba, ba mai taɓa miki." Samarin suka bi mazan gidanmu gona, hannuwansu suka yi kanta. Ranar Asabar kuwa suka sa fararen kaya suka zauna gindin darbejiya, 'yan ƙauye na wucewa suna tsokana, wai addinin nan da daɗi yake, ana tsakar girbi a ce hutu. Baba ya ce a ƙyale su, wanda ya tsare dokar Ubangijinsa a gidan da ba nasa ba, ba rago ba ne.

Yaya ya riƙe ƙungiyar har su Obinna suka gama, wasu suka zo suka gama, har jami'a ta ba su ɗan ɗaki nasu a cikin makaranta. Sannan ciwon hanta ya kama shi. Bai daɗe yana jinya ba. Ya cika a gida da asubar wata Asabar, kafin azahar an yi masa sutura. Mutane sun taru daga Faskari, daga Ƙanƙara, daga jami'a. Cikin yaran nan nasa kuwa ba ko ɗaya. Na ji ana raɗa a tsakar gida: kun gani ko, ya ɓata da nasa saboda su, ga shi ko gawarsa ba su raka ba.

Washegari da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Obinna ne, yanzu magidanci mai shagon magani, da Nkechi, da wasu da dama. Ya shigo har gaban Inna ya zube, babban mutum yana kuka kamar yaro. Ya ce labari ya same shi tun safiyar jiya, yana Funtuwa, nan kusa. Ya wuni zaune yana kallon makullin mota, bai taɓa jin nauyin Asabar irin na jiya ba. Ya ce Inna ta yafe musu.

Inna ta ɗago kansa ta ce, "Tashi, ɗana. Shekara nawa Sada ya yi yana yawon ofis don ku samu ranar nan? Da kun zo jiya, da kun ɓata mishi aikinshi."

Daga nan raɗa ta mutu. Suka zauna da mu a tabarmar makoki har aka yi sadakar bakwai, domin su ma, ashe, kwana bakwai suke zaman makoki.

Yanzu nakan tambayi kaina, da Yaya zai leƙo ya ga yankinmu yau, me zai ce? Hanyar da ya bi da yaran nan zuwa 'Yankara don su tsira, yau mu 'yan gari ba ma bin ta sai da addu'a a baki. Gonakin da suka yi girbi a ciki wasu sun koma daji, ba mai iya zuwa. 'Yan bindigar da suka hana mu barci kuwa ba daga wata ƙasa suka zo ba, ba kuma wani baƙon addini suke da'awa ba. Ina jin da zai ce mun daɗe muna gadin ƙofar da ɓarawo ba ta nan zai shigo ba. Da zai yi baƙin cikin yadda waya ta sa gaba ta fi saurin yaɗuwa, yadda yaro zai zauna a ɗaki ya tsani mutanen da bai taɓa gani ba. Amma ban jin zai yanke ƙauna. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana nazarin ƙasa ya san wadda ta gaji ma tana farfaɗowa, in an yi haƙuri da ita. Ɗan Sabuwar nan da ya yi iƙama, yau shi ne limamin wani masallaci a garinsu, kuma na ji ana yabon sanyin wa'azinsa.

Kwanakin baya na kai ɗiyata jami'ar nan, ita ma ta samu shiga. Da muka gama abin da ya kai mu, yammacin Juma'a ne, sai zuciyata ta ce in nemi ɗakin nasu. Na same shi a buɗe. Samari da 'yan mata suna ta shige da fice da kwanuka, wani na shara, wata na jera kujeru. Ba mai gadi a bakin ƙofa, ba wanda ke waige. Wata yarinya mai tabarau, da alama ita ce shugabarsu, ta gan ni tsaye da hijabi ta taho da fara'a.

"Sannu Hajiya, wani kike nema? Ga kujera."

Na ce a'a, wucewa nake. Sannan na tambaye ta yadda aka yi suka samu wurin nan, da wanda ya fara tsaya musu. Ta ɗan yi tunani, ta ɗaga kafaɗa.

"Wallahi ban sani ba, Hajiya. Mu dai mun zo mun tarar. Ai tun da can muna nan."

Ba zan ɓoye ba, maganar ta soke ni. Na buɗe baki zan faɗi sunansa, in gaya mata Asabar nawa ya rasa, da sunan da aka sa masa, da ranar da ya ba masu sanduna baya. Sai na dubi fuskarta. Babu tsoro a cikinta ko kaɗan. Yarinya ce da ba ta taɓa sanin cewa zaman da take yi abu ne da aka taɓa roƙa ba. Na mayar da bakina na rufe, na yi mata sai an jima.

Yaya Sada bai kai farfesa ba. Ba ɗakin karatu ko titi da ke ɗauke da sunansa, littafin da ya fara rubutawa a kan ƙasar Faskari ma bai gama ba. Abin da ya bari shi ne 'ya'yan mutane da ke bauta yadda iyayensu suka koya musu, a tsakiyarmu, hankali kwance, har sun ɗauka haka duniya take tun asali. Manomin kirki ba ya rubuta sunansa a jikin hatsi, burinsa dai a ci a ƙoshi. Ni na san wanda ya yi shukar, Wanda zai biya shi ma ya sani.

Allah ya haskaka kabarinka, ɗan Inna, ya karɓi amanar nan daga hannunka yadda ka riƙe ta, cikakkiya.